Yadda Ake Tantance Tsohuwar Bindigar Gado a Ƙasar Zuru

Ƙasar Zuru, da ke kudancin Jihar Kebbi, ta shahara da farauta da aikin soja tun zamanin Turawa, saboda haka ba a rasa gidan da aka jingine tsohuwar bindigar toka a kusurwar ɗaki, wato wadda ake ɗura wa albarushi da darma ta baki. Wasu daga cikinsu ƙirar Turai ne, wasu ƙirar maƙeran gida, akasarinsu kuwa gamin gambiza ne, domin kowane zamani ya bar musu gyaransa.

Kafin komai, mai tantancewa yakan zura sandar ɗuri cikin bututun har ta tsaya, ya yi mata alama, sa'an nan ya gwada ta da tsawon bututun daga waje. Idan ta gaza, akwai tsohon ɗuri a ciki, kuma albarushin da ya shekara hamsin yana iya tashi.

Daga nan sai a nemi hatimin gwaji, wato ƙananan alamomin da hukuma ke bugawa kusa da gindin bututu bayan an jarraba shi da ɗuri mai nauyi bai fashe ba. Garuruwa biyu ne suka fi ƙera wa kasuwar Afirka bindigogi: Birmingham a Ingila, wadda aka kafa gidan gwajinta a 1813, da Liège a Beljiyam. Hatimin Birmingham na da, sanduna biyu ne gicciye da kambi a sama, an kuwa sauya shi a 1904. Na Liège haruffan ELG ne cikin da'ira mai siffar ƙwai, kuma daga 1893 aka soma ɗora mata kambi. Bindiga mai ƙanƙara, wadda dutse ke ƙyasta mata wuta, ba lallai ta girmi mai hular tagulla ba, domin yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana shigo da bindigogin zamani yawancin Afirka amma ta ƙyale masu ƙanƙara, don haka aka ci gaba da ƙera su bayan Turai ta daina amfani da su. Bututun da ba shi da hatimi, kaurinsa ɗaya daga gindi har baki, yawanci na famfo ne ko na sitiyarin mota, alhali na asali yakan yi kauri a gindi, inda albarushi ke tashi, ya riƙa sirancewa.

Sai ƙota. Akan cire ƙarfen kunama a dubi gurbinsa: idan icen ya yi baƙi da tsohon mai kuma ƙarfen ya zauna daram, tare suka tsufa, idan akwai sabuwar sassaƙa ko an cike giɓi da tsumma, an sauya ɗayansu. Kusoshi ma suna tona asiri, domin na maƙeri ba sa zama iri ɗaya.

Wajen gyara ne aka fi yin ɓarna. Mai gado yakan so bindigar kakansa ta yi ƙyalli, sai ya sa a goge ta da takardar yashi, hatimin da ke nuna shekarunta ya tafi tare da tsatsa. Abin da ya dace shi ne a bambanta jar tsatsa mai ci, wadda ake laushe ta da mai a kankare a hankali da tsinken tagulla, da baƙin launin da ƙarfe ya yi da tsufa, wanda ba a taɓa shi. Ɗaurin ɗanyar fata da aka yi wa tsagaggiyar ƙota, da wayar tagulla da aka naɗe bututu da ita, da layar da mafarauci ya rataya, duk sun zama jikin bindigar, kuma cire su don a maido ta yadda ta fito daga Ingila shafe hannun mutanen da suka riƙe ta ne. Inda gara ta cinye ice har sai an yi ƙari, a yi shi yadda ido zai gane shi, a kuma rubuta ranar da sunan maƙerin.

Irin wannan bindiga ta ajiya ce, domin tsatsar ciki tana raunana bututu ba tare da ta nuna a waje ba. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 kuma ta ba kwamishinan 'yan sandan jiha ikon hana riƙe bindigar toka ba tare da lasisi ba.