Yadda za ka haɗa bidiyon "tsaya ka zaɓa" don koya wa yara tsira daga ambaliya

A Satumbar 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle cikin dare, ruwa ya mamaye unguwannin Maiduguri mutane na barci. A irin wannan dare yaro ba ya tuna jawabin malam, abin da ya taɓa gwadawa shi yake yi. Shi ya sa bidiyon da ke tsayawa ya ce "yanzu me za ka yi?" ya fi wanda ake zuba wa ido kawai.

Mataki na 1: Ɗauki bala'i guda, wanda ya saba afka wa garinku. Duba hasashen da hukumomin NiMet da NIHSA ke fitarwa kowace shekara kafin damina.

Mataki na 2: Tsara gajeren labari mai mararraba. Nan aikin yake. Yarinya da ƙanenta sun taso daga Islamiyya, ruwa ya shafe kwalbati. Su ƙetare ko su koma tudu? Kowane zaɓi da nasa fim. Wanda ya ce a ƙetare, a nuna masa yadda takalmin yaron ya bi ruwa, sannan a gaya masa cewa ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana kayar da ƙato. Ba sai an nuna gawa ba, tsoro in ya yi yawa toshe kai yake yi. Mararraba ta biyu: ruwa na dosowa gida, a kashe wutar lantarki a fice, ko a tsaya kwashe kaya? Ta uku: rijiya ta gurɓace, a sha ko a tafasa? A tsakani ka sa dalilin ambaliya: iska mai zafi ta fi ɗaukar tururi, sai ruwa ya zubo da yawa lokaci guda, ga magudanai cike da leda.

Mataki na 3: Ɗauki bidiyon da waya a unguwarku, da yardar iyaye. Kada a sa yaro cikin ruwan gaske.

Mataki na 4: Manhajar H5P kyauta ce, tana ba da damar liƙa tambayoyi a jikin bidiyo. Inda babu intanet, yanka shi gunduwa-gunduwa, malam ya tsayar, yara su yi gardama su ɗaga hannu. A ganina wannan ma ya fi.

Mataki na 5: A fita waje tare da mai unguwa, a taka har tudun da za a gudu, kowa ya haddace lambar gaggawa ta Najeriya, 112.

Malamai, a yi wannan tun da rani, kada a bari sai Agusta.