Yadda Ake Zaɓen Mikuron Jitar Bas a Garin Makosa

Wanda ya tashi a unguwar New Bell ta Duwala, ko bai taɓa riƙe jita ba, kunnensa ya san bas. Daga shagon mai aski take fitowa, daga cikin tasi, daga gidan bikin da ke bayan layi, ta daki ƙirjinka tun kafin ka ji muryar mawaƙi. Duwala garin makaɗa bas ne. A nan aka haifi Étienne Mbappé a 1964, mai kaɗawa da baƙar safar hannu ta siliki. Nan Richard Bona ya dawo da zama yana ɗan shekara 11, yaron da ya taɓa yi wa jitarsa tsirkiya da wayar birkin keke. Ga kuma Aladji Touré, wanda shi da Toto Guillaume da Ebeny Donald Wesley suka kaɗa wa mawaƙan makosa da dama a birnin Paris cikin shekarun 1980. To idan saurayi a unguwar Hausawa ya yi shekaru yana tara sefa don ya mallaki bas ta kece raini, ba a kan banza ba ne. Inda ake tuntuɓe shi ne ranar da maƙerin jitar, ko ɗan'uwan da zai turo ta daga Faransa, ya tambaya: wane mikuro za a sa mata?

Mikuro, kamar yadda makaɗan Duwala ke kiransa, shi ne baƙin abin nan da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyi. Maganaɗisu ne aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, naɗi dubbai. Tsirkiya ta girgiza, naɗin ya haifar da 'yar wuta, amfilifaya ta ɗaga ta. Shi ne kunnen jita. Abin da bai ji ba, ba wata lasifika da za ta faɗa.

Fara da inda kake kaɗawa. Ɗauki takarda ka rubuta wurare biyar na ƙarshe da ka yi wasa. Situdiyo ne mai na'urar sanyaya ɗaki, ko kabare a Akwa da Deido, ko biki ne a tsakar titi da janareto na ruri a bayan rumfa? Wannan ba ƙaramar tambaya ba ce, don wutar Kamaru bolt 220 ce, tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma mikuro mai naɗi ɗaya yana tsinto wannan juyin ya mayar da shi gurnani. Na taɓa ganin hakan a wani biki kusa da Kasuwar Kongo. Bas ce mai kyau, makaɗin ma gwani ne, amma da zarar ya ɗaga hannu daga tsirkiya sai lasifika ta kama ƙugi kamar ƙudan zuma a tulu. Da ya juya gabas sai ya ragu, ya juyo wajen fitilu sai ya dawo. Haka ya ƙare daren yana kaɗa wa bango, ya ba amarya baya.

Sannan ka san iyalan mikuro. Manya uku ne, sauran jikoki. Na farko shi ne P, na jitar Precision da kamfanin Fender ya fitar a 1951, wanda aka raba shi gida biyu a 1957: rabi na sauraron tsirkiya biyu, rabi na sauraron sauran biyun, kuma an naɗe su a saɓa wa juna don su kashe gurnani. Muryarsa kauri gare ta, ba ta da yawan ado, tana zama daram a ƙarƙashin ganga. Na biyu J, na Jazz Bass ta 1960: sirara biyu, ɗaya kusa da wuya, ɗaya kusa da jaki, wato inda tsirkiyoyi ke hawa, kamar dai jakin goge. Na uku shi ne babban mai naɗi biyu irin na Music Man StingRay ta 1976, mai tsawa, wanda masu dukan tsirkiya da babban yatsa ke so. Waɗanda ake ce wa sabulu kuwa, saboda kamarsu da sandar sabulu, akwati ne kawai. Ko wanne daga cikin ukun nan na iya zama a cikinsa, don haka ka tambayi abin da ke ciki.

Ga ra'ayina, kuma na san akwai masu ja. Makosa da bikutsi kiɗa ne da bas ke magana a cikinsu, tana gudu, tana tsalle, tana amsa wa mawaƙi. Irin wannan kiɗan yana son kowane sauti ya fito a rarrabe, kuma J biyu ne suka fi iya wannan. Makaɗin bas Jaco Pastorius, wanda faifansa na 1976 ya sa Bona ya koma bas, mikuron wajen jaki ya fi dogara da shi. Sai dai akwai tarko. J biyu na asali suna kashe gurnanin juna ne kawai idan an buɗe su daidai wa daida. Ka rage na wuya don ka sami muryar nan mai kaifi, gurnani ya shigo. Saboda haka nemi J mai naɗi biyu a ɓoye, a jere ko ɗaya bisa ɗaya. Nordstrand, Bartolini, Aguilar da Seymour Duncan duk suna yin su. Za ka ɗan rasa walƙiyar sama kaɗan. A situdiyon Paris wataƙila a lura. A New Bell ranar da ake kan janareto, riba ce tsantsa.

Haɗin P da J yana burge mutane don an ce ya haɗa gida biyu. Haka ne, amma ka tabbata J ɗin mai kashe gurnani ne, don P ba zai taimaka masa ba, kansa kawai yake karewa. Idan kuma yawancin aikinka raka waƙoƙin Hausa ne, inda piyano da kalangu suka riga suka cika tsakiya, P shi kaɗai ya ishe ka.

Duba wurin zaman mikuro kafin sunansa. Kusa da wuya tsirkiya na lilo sosai, sauti ya yi zurfi da taushi. Kusa da jaki lilon kaɗan ne, sauti ya yi tsauri. Santimita ɗaya ma tana sauya murya: a shekarun 1970 Fender ta matsar da mikuron jaki baya da kimanin haka, kuma wannan na cikin sirrin ƙarar Jazz Bass ɗin makaɗi Marcus Miller ta 1977. Idan oda ka ba maƙera irin su Fodera na Brooklyn, waɗanda suka yi wa Bona jita, faɗa musu wurin da kake so. Rami idan an fafe shi a katako mai tsada, ba ya komawa.

Batir ko babu batir. Mutane na haɗa abu biyu a nan. Akwai mikuron da shi kansa sai da batir mai bolt 9, kamar yawancin na EMG. Shiru gare shi ƙwarai, kuma ba ya buƙatar a haɗa tsirkiyoyi da wayar ƙasa, abin da ke rage haɗarin jan wuta a gidajen da aka ja musu waya yadda aka ga dama. Amma batir ya mutu, jita ta mutu. Akwai kuma mikuro na gargajiya da aka ƙara masa 'yar na'urar gyaran murya mai batir. Wannan na fi so, da sharaɗin a sa maɓallin da zai tsallake na'urar. Wani dattijo mai gyaran rediyo da ke liƙa min waya ya taɓa ɗago kai daga kan dalmarsa ya ce, "Ɗana, ƙarfe biyun dare a tsakiyar biki, shagon wa za ka buga?" Na ce, "Gaskiya ne, Baba." Kuma ka riƙa zare waya daga jita idan ka gama, don cusa ta ne ke kunna batir.

Auna, kada ka yi kirdado. Bas mai tsirkiya biyar tazarar tsirkiyoyinta a wajen jaki takan kama milimita 18 ko 19, wasu ƙasa da haka. J na jaki ya ɗan fi na wuya tsawo, kada ka yi odar biyu iri ɗaya sai ka tabbata. Sabulun EMG 35, 40 da 45 lambobinsu tsawonsu ne, inci uku da rabi, huɗu, huɗu da rabi. Aika hoton ramin da rula a kansa. Kaya ya iso Duwala, an biya kuɗin kwastan, sannan a tarar bai shiga ba, wannan ciwon kai ne na watanni.

Gwada da kunnenka. Je da wayarka da amfilifayar da ka saba da ita, duk mamurɗai a tsakiya. Saurari kowane mikuro shi kaɗai, sannan tare. Daki tsirkiyar B ta ƙasa, wadda ke girgiza kusan sau 31 a daƙiƙa. Idan ta fito kamar kunu, mikuron bai iya da ita ba. Sa aboki ya kaɗa, kai ka koma ƙarshen ɗaki, ko ma ka fita waje, don can masu rawa suke. Daga ƙarshe ku yi shiru ku saurari jitar ba a taɓa ta ba.

Bayan an ɗaura. Danne tsirkiya a ƙarfen ƙarshe na wuya, ka bar kimanin milimita 3 tsakaninta da mikuro a ɓangaren masu kauri, 2.5 a ɓangaren sirara, daga nan kunne ya ƙarasa aikin. Ya matso da yawa, maganaɗisu zai riƙe tsirkiya sauti ya riƙa rawa. Sa a shimfiɗa takardar jan ƙarfe a cikin ramukan a haɗa ta da wayar ƙasa. Tana rage tsitsitsin fitilu da cajar waya, ko da yake ba ta maganin gurnanin naɗi ɗaya. Sai batun laima. Iskar bakin kogin Wuri da ruwan Yuli da Agusta suna sa kawunan maganaɗisu tsatsa cikin damina ɗaya, gumin hannu ya ƙara. Goge su da busasshen ƙyalle bayan kowane wasa, ka zuba 'yan ƙullin nan masu shan laima da ke zuwa a kwalin takalmi cikin akwatin jitar. Kada ka kuskura ka kankare tsatsar da soson ƙarfe: burbushinsa zai manne wa maganaɗisu, ya sulale cikin naɗin.