Darasin Annobar Sanƙarau Ta 1996: Wa Zai Ja Gaba?

Dattawanmu na Ikara da Makarfi da Kudan ba su manta bazarar 1996 ba. A shekarar ce sanƙarau ya auka wa Arewa, ya kama mutum fiye da 109,000, ya kashe fiye da 11,000. Kano, wadda muke maƙwabtaka da ita, tana cikin jihohin da suka fi shan wuya, har Asibitin Zana ya cika ya batse.

Ba likita ɗaya ne ya kashe wannan wuta ba. Gwamnatin Tarayya ta ɗora wa Farfesa Idris Mohammed jagorancin yaƙin, ga Hukumar Lafiya Ta Duniya, ga UNICEF, ga Red Cross, ga Likitoci Na-gari Na-kowa. An raba aikin: wasu suna yi wa majinyata allurar kuloramfenikol mai mai, wadda sau ɗaya takan wadatar, wasu suna bi gari-gari da rigakafi, wasu kuma suna wayar da kan jama'a. Duk da haka sai da aka shafe fiye da wata uku kafin abin ya lafa.

A wannan asibiti ne kuma kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan, aka sa yara 200 cikin gwajin, 11 suka mutu. Kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya yarda ya biya dala miliyan 75 don sasantawa da Jihar Kano. A ganina, babbar asarar ita ce amana, domin zancen Trovan yana cikin abin da aka riƙa ambata lokacin da aka ƙauracewa rigakafin shan-inna a 2003.

To, mu dawo gida. Sanƙarau ba ya jira. Yaro yakan tashi da zazzaɓi da ciwon kai da amai, wuya ya sanƙare, jariri kuwa maɗigarsa ta kumbura, kafin kwana ɗaya a rasa shi. Me muke yi a irin wannan sa'a? Gida ya cika da mutane, kowa yana kawo shawara, babu mai tafiya neman mota. Na sha ganin haka idan aka kira ni shafa wa marar lafiya mai.

Dole mutum ɗaya ya ja gaba, kuma ba lallai ne mai furfura ba. Wanda hankalinsa bai tashi ba shi ya dace, ko katikist ne, ko uwar Zumuntar Mata. Kada ya ce "wani ya nemo mota", gama ba a san kowa da suna Wani ba. Ya kira suna: kai nemo mota, ke haɗa kuɗi, kai sanar da ma'aikacin lafiya, ke zauna da sauran yara. Wanda aka aika ya maimaita saƙon, ya kuma dawo da amsa. Masu jinya su yi karɓa-karɓa, domin wanda ya kwana biyu bai runtsa ba yakan manta lokacin magani.

Ku karanta Markus 2:1-12 a taronku na wannan mako, ku lura cewa mutum huɗu ne suka ɗauki shanyayyen nan. Sa'an nan kowace majami'a ta rubuta sunayen masu mota da babur da lambobin wayarsu, a manna a ƙofa tun kafin zafi ya shigo.