Rana da lokutan shekara

A ƙasar Birnin Ƙwanni, da Malbaza, da Illela, shekara ta rabu huɗu: damana, kaka, rani da bazara. A watan Janairu, cikin ɗari, yara suna jin ɗumin wuta da safe. A watan Afrilu kuwa, rairayi yana ƙona ƙafa. Alhali rana guda ce take fitowa kullum. Me ke kawo wannan bambanci?

Wasu suna tsammani rana ce take matsowa kusa da bazara. Masana sun auna. A farkon Janairu, tsakanin duniya da rana kilomita miliyan 147 ne. A farkon Yuli, miliyan 152 ne. Ashe cikin ɗari duniya ta fi kusa da rana! Ke nan dalilin yana wani wuri.

Duniya a karkace take

Duniya kamar lemu ce da aka soke da tsinke. Tana juyawa bisa tsinken sau ɗaya a kwana guda. Tana kuma kewaya rana sau ɗaya a shekara. Amma tsinken ba a tsaye yake ba: ya karkata da digiri 23 da rabi, kuma kullum gefe ɗaya yake nunawa. Saboda haka, a watan Yuni arewacin duniya ne yake fuskantar rana. A watan Disamba kuwa, kudancinta ne. Shi ya sa in ana sanyi a Faransa, ana zafi a Afirka ta Kudu.

Haske a miƙe, haske a kaikaice

In aka haska tocila a ƙasa daga sama, a miƙe, hasken yana taruwa wuri ɗaya, da ƙarfi. In aka karkata ta, hasken yana bazuwa, ya yi rauni. Haka hasken rana yake. In ya sauko a miƙe, ƙasa ta yi zafi. In ya zo a kaikaice, zafin ya ragu.

Inuwa ce take nuna wannan. A Birnin Ƙwanni, in an kafa sanda mai tsawon mita 1, ga inuwarta da tsakar rana:

21 ga Disamba: wajen santimita 76, tana nuna arewa.
21 ga Maris: wajen santimita 25, tana nuna arewa.
Ƙarshen Afrilu: babu inuwa, rana tana bisa kai.
21 ga Yuni: wajen santimita 17, tana nuna kudu.
Tsakiyar Agusta: babu inuwa kuma.

A Disamba rana tana bi ta kudu, ba ta hawa sama sosai. Yini kuma gajere ne: awa 11 da ƴan mintoci. A Yuni yana kusan awa 13.

Daga zafi zuwa ruwa

A Agusta rana tana bisa kai kamar a Afrilu, amma zafin bai kai na Afrilu ba. Gajimare yana tare hasken, ƙasa kuma a jiƙe take.

Zafin bazara shi ke jawo wannan ruwa. In Sahara ta yi zafi, iskar da ke kanta tana tashi sama. Sai iska mai laima ta taso daga teku, kudu maso yamma, ta maye gurbinta. Ita take kawo hadari daga Yuni zuwa Satumba. In rana ta koma kudu, sai busasshiyar iskar hunturu ta sauko daga arewa maso gabas, da ƙura da sanyi.

Aikin manomi yana bin wannan tafiya. Da bazara ana sharar gona. Da damana ana shuka hatsi, da dawa, da wake. Damanar gajera ce: wanda ya makara da shuka, ruwa yana iya ɗaukewa kafin hatsinsa ya nuna. Da ɗari kuwa, manoman Galmi suna noman albasa da ban ruwa, domin albasa tana son sanyi lokacin da take girma.

Tambayoyi

1. A wane wata ne duniya ta fi kusa da rana?
2. Da digiri nawa duniya ta karkata?
3. Don me Agusta bai kai Afrilu zafi ba?
4. Daga ina iskar damana take tasowa?

Aiki

A kafa sanda mai mita 1 a tsaye cikin filin makaranta. Ranar 21 ga kowane wata, tsakanin ƙarfe 12 da ƙarfe 1, a jira lokacin da inuwar ta fi gajarta, a auna ta. A rubuta tsawonta da inda take nunawa. A ƙarshen shekara, a gwada da abin da darasi ya faɗa.