Ƙaiƙayin Cizon Ƙwari da Yadda Ake Haɗa Man Shafawa a Gida

Da zarar damina ta kankama, kududdufai suka cika, ciyawa ta tashi, sai ka ga ƙafafun yara duk ƙuraje. Ga sauro, ga ƙuma, ga kuɗin cizo a maƙale cikin katifa da tsagar gado. Kumburin cizon kansa ba wani abu ba ne, cikin 'yan kwanaki yakan baje. Susa ce ke mai da shi ciwo.

Me ke kawo ƙaiƙayi?

Macen sauro ce ke cizo, domin sai da jini take yin ƙwai. In ta soka bakinta a fata, sai ta zuba yawu don kada jinin ya daskare. Jiki ba ya karɓar wannan yawu, sai ya saki wani sinadari mai suna histamin, shi ne ke kumbura wurin ya sa ƙaiƙayi. In an sosa, ƙaiƙayin ƙaruwa yake yi. Farce ya yage fata, dauɗar da ke ƙarƙashinsa ta shiga, ƙurji ya ɗuri ruwa, wani har ya zama gyambo. Saboda haka amfanin man shafawa shi ne ya sanyaya wurin, hannu ya huta, fata ta warke da kanta.

Kayan haɗi

Ba sai an je nesa ba. Man kaɗe yana nan a kasuwa, iyayenmu mata sun daɗe suna shafa wa jarirai shi. Darbejiya kuwa, wadda wasu ke kira maina ko dogon yaro, asalinta daga ƙasar Indiya ne. A shekarar 1928 aka fara dasa ta a lardin Borno, yau ga ta kusan ƙofar kowane gida.

A tsinko ganyenta masu kyau, a wanke, a shanya a inuwa har su bushe ƙarau. Ɗanyen ganye na da ruwa, shi ke sa mai ya yi fumfuna. A daka, a tankaɗe. A zuba man kaɗe cikin kofi ɗaya a kwano mai tsabta, a ɗora kwanon cikin tukunyar ruwan zafi don ya narke ba tare da ya ƙone ba. A zuba garin ganyen cokali biyu, a riƙa juyawa a kan wuta kaɗan kamar sa'a guda. Sai a tace da tsumma mai tsabta, a juye a kwalba mai murfi, a ajiye wuri mai sanyi. In ya canja wari, a zubar.

Yadda ake shafawa

A fara wanke wurin da ruwa da sabulu. A jiƙa tsumma da ruwan randa a ɗora na ɗan lokaci, domin sanyi na kwantar da ƙaiƙayi. Sannan a shafa man kaɗan. Wanda bai taɓa shafawa ba ya gwada a bayan hannu tukuna, ya ga ko jikinsa zai karɓa. Kada a kai shi kusa da ido, kada a sa a ciwon da ya fashe. Kada kuma a kuskura a ba yaro man darbejiya ya sha, yana iya sa shi jijjiga. A riƙa yanke wa yara farce.

Inda man ba shi da iko

Wannan mai ba ya maganin zazzaɓin cizon sauro. In jikin yaro ya yi zafi, a kai shi asibiti a gwada jininsa a ranar. Haka nan in wurin ya yi mugunya, ko kumburin yana yaɗuwa. Wanda zuma ko rina ta harba, fuska ko leɓe ya kumbura, numfashi ya yi masa wuya, a garzaya da shi, ba a jira. Ƙaiƙayin da ke tsananta da dare, ya kama mutanen gida da yawa, mai yiwuwa ƙazwa ce, ita kuwa maganinta dabam.

Jama'a, rigakafi ya fi magani. Mu cike ramukan da ruwa ke kwanciya, mu kife gwangwanaye da tsofaffin tayoyi, mu riƙa shanya shimfiɗa a rana, kowa kuma ya kwana cikin gidan sauro, musamman yara da masu juna biyu.