Ɗakin Shuka na Gilashi a Ƙasar Sanyi

Tambaya: Ina zaune a Kanada, ina da ɗan ɗakin gilashi da nake renon kayan lambu a ciki, amma kuɗin ɗumama shi da hunturu ya yi mini nauyi. Mece ce mafita?

Amsa: Ya ɗan'uwa, ka sani gilashi mai falle ɗaya ba ya riƙe zafi, saboda haka ƙara wuta alhali ƙofa da tagogi suna yoyon iska israfi ne zalla. Wajibi ne ka fara toshe kafofin nan, sa'an nan ka lulluɓe gilashin ta ciki da ledar nan mai ƙurajen iska, ka zaɓi mai manyan ƙuraje domin ta fi barin haske ya ratsa.

Bangon arewa kuwa, wanda ranar hunturu ba ta shigowa ta cikinsa, ka rufe shi ruf, ka jera baƙaƙen durom cike da ruwa a gindinsa, su sha zafi da rana su saki da dare. Irin wannan hikima ce manoman arewacin Sin suka dogara da ita, inda suke gina katanga mai kauri, su kuma shimfiɗa barguna bisa rufin da magariba.

Nasihata, kada ka kunna risho cikin rufaffen ɗaki, domin hayaƙinsa guba ne, laimarsa kuma tana kawo ruɓewar ganye.