Me ya sa faifai biyu ba sa karkarwa iri ɗaya?

Ɗalibin injiniya ya tambaya: faifai biyu masu ƙira ɗaya, me ya sa karkarwarsu ta bambanta a gwaji?

Na ce masa: Ɗana, laifin ba na lissafinka ba ne. Faifan nan fata biyu ne masu tauri, sau da yawa na zaren kabon, da ciki mara nauyi kamar saƙar zuma. Taurin faifan da nauyinsa ne ke ƙayyade saurin karkarwarsa. Amma gam da ke haɗa fatun da cikin ba ya kwanciya daidai ko'ina, zare kan ɗan karkace, kaurin cikin ma yakan bambanta.

Saboda haka kada ka ba kwamfuta lamba ɗaya ga kowane ɗayan waɗannan abubuwa. Ba ta iyaka ta sama da ta ƙasa, ka maimaita lissafin sau dubbai ta hanyar Monte Carlo, wato kowane karo kwamfutar ta canki lamba tsakanin iyakokin nan. Ka fi sa ido kan cikin; ni dai nan nake fara zargi.